Kunyar Ɗan Fari da Rigakafin Hanci

Daga ofishin Babban Likita, Shugaban Likitocin Ƙirjin Yara Baki Ɗaya, Alhaji Dakta Sabo, wanda ya sauka a Birnin Kudu.

Zuwa ga Malam Buba, manomi mai shanu, bayan duwatsun Fagam, ta hanyar Gwaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta manya, da tambayar lafiyarka da ta tsohuwa da ta garke, musamman jar saniyar nan taka mai harbi.

Ina sanar da kai mun iso garin nan da sabon rigakafin cutar da ke kama ƙirjin jarirai da damina. Mu manyan likitoci RSV muke ce mata, haruffa uku kamar lambar mota. In ta kama babba mura ce kawai, ya fyace hanci ya wuce gona. In ta kama jariri kuwa takan gangara masa ƙirji, ya riƙa numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa kama nono. Namu rigakafin ba allura ba ne. A hanci ake fesawa, fus, fus, an gama. Yaron da aka fesa wa, shi da wannan cuta sai dai ya ji labarinta a bakin wasu har ya yi furfura.

Bincikenmu ya gano kana da ɗa a Birnin Kudu, Muhammad Auwal, ɗan wata tara, yana gidan surukarka Inna Kulu tare da uwarsa Munawwara. Na rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, kada ka runtse ido. Mu likitoci ba mu da kunyar ɗan fari, tun a makaranta ake yi mana aiki a cire ta.

Saboda haka ana umartarka ka taho da kanka ka ba da izini a fesa masa. Doka ce. In ba ka zo ba za a turo mota mai jiniya ta ɗauko ka daga gona da kashin shanu a ƙafarka, a sauke ka a gaban surukarka, a sa ka kira sunan yaron da lasifika.

Kada ka yi mamakin ganin ajami daga Babban Likita. Sai da na wanke allo kafin in hau jirgi.

Ka ba da amsa ta hannun wakilinmu Ashiru, mai cajin waya a tashar Gwaram. Ga hatimin ofis a ƙasa.

Wassalam. Alhaji Dakta Sabo.

* * *

Ashiru, ɗan makarantarmu, sarkin cajin tashar Gwaram,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina kasuwa, ina tsohuwa? Ga takarda nan a hannun Badaru direba, an naɗe ta da zare. Kada ka buɗe. To, na san ka riga ka buɗe. Mayar da zaren yadda yake, ka ba masu nono na wajen Fagam su kai wa Buba, mijin Yaya Munawwara. In ya tambaya ka ce farar mota ce ta ajiye. Kada ka kira ni a waya, wayar gidanmu a bakin zanen Inna take zaune.

Eh, ni ne Alhaji Dakta Sabo! Ni Saifullahi mai baron kankana a ƙofar asibiti! Ka ga hatimin? Murfin kwalbar lemo ne na tsoma a tawadar allo. Wallahi da na buga shi har ni sai da na ji tsoro.

Bari in gaya maka abin da ya jawo. Wasu masu bincike sun zo asibiti suna gwada rigakafin ciwon ƙirjin yara. Mata na ta wucewa ta gaban barona da goyo, kowa na labari. Na zo na faɗa a gida. Da safe na tarar Yaya ta riga kowa sa mayafi. Muka tafi mu uku da Inna.

Ka san gidanmu. Shanu sun ragu, Fulatanci ya tafi, kunya ce kawai ba ta tafi ko'ina ba. Yaya na zaman goyon ɗan fari a gida sai ta yaye, kuma a gaban mutane ko kallon yaron ba ta yi. Nas ɗin, Malama Hapsatu, ta ce, "Sunan yaro?" Yaya ta kama ƙirga tururuwa a ƙasa. Ta ce, "Ke ce mahaifiyarsa?" Yaya ta ce, "Haka mutane ke cewa." Inna ta ce, "Malama, ɗan fari ne, ni za ki tambaya." Nas ta kwashe da dariya ta ce, "Inna, na gane. Ni ma 'yar fari ce, har yau tsohuwata 'ke' take ce mini, da na zaci shi ne sunana."

Ta yi musu bayani, ta ce a ƙa'idarsu hannun uwa kaɗai ya isa. Yaya ta ce ba za ta dangwala ba sai da izinin mai gida. To wa zai tambayo mai gida? Ita ba ta iya aika masa magana a kan ɗan fari. Inna ta ce suruka ba ta aika wa suruki kira. Shi kuwa tun ranar suna bai tako ba. Gida ya cika da kunya har babu wurin shimfiɗa tabarma. Da muka dawo, Yaya na tankaɗe, ta kalli bango ta ce, "Da dai wani zai gaya wa wani." Ni ne wani na farko, Ashiru!

In na rubuta da sunana ba zai yarda ba. Tun ranar da na aika masa an naɗa shi sarkin shanu, ya taho da babbar riga ya tarar da ni ina dariya a kan katanga, ko sallamata sai ya bincika kafin ya amsa.

Kuma lokaci na ƙurewa. Nas ta ce gurbin ya kusa cika, suna so su rufe kafin ruwa ya zauna, don da damina cutar ke tashi. Ka kuma san Buba, in ruwa ya sauka ko gobara ba ta ɗaga shi daga shuka.

Ka gai da tsohuwa. Naka, Saifullahi, wanda ya fi ka girma yanzu.

* * *

Zuwa ga mai girma Babban Likita, Alhaji Dakta Sabo. Allah ya ƙara girma da ɗaukaka.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata.

Takardarka ta same ni ina watsa taki. Sai da na wanke hannu na karɓa. Na yi murna da ganin mutum kamarka bai yar da karatun allo ba. Saniyar da ka tambaya lafiyarta lau, shekaranjiya ma ta harbi mai tatsa. Na yi mamakin zurfin bincikenku.

Ranka ya daɗe, game da wanda ka ambata. A wajenmu uba ba ya kama sunan na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayarsa. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, kuma kowa ya san shi ya fi so. Ba ƙi ba ne. In na taho musamman dominsa, na zauna a gaban surukata ana yi mini tambaya a kansa, ban san inda zan sa fuskata ba. Amma in doka ce, talaka ba ya ja da hukuma. Roƙona kada a turo jiniyar nan, tsohuwata na da hawan jini.

In ba zai zama rashin ladabi ba, ina da tambaya. An taɓa fesa wa waɗansu yara, ko namu ne na farko? Waɗanda aka fesa wa, me ya same su? Da gaske ne cutar ba za ta ƙara kusantarsa ba har tsufa? Mutanenmu na ta maganganu a kan irin waɗannan abubuwa, ban san na kamawa ba. In aka fesa ya sami damuwa, wa zai duba shi?

Sai ta ƙarshe, ka yafe mini. Tun da bincikenku ya kai kansa, ya fara zama? Yana da jiki? Kai baƙo ne, babu kunya tsakanina da kai, shi ya sa na iya tambaya.

Akwai wani ƙanin matata mai baron kankana a ƙofar asibitinku. Don Allah kada ya ji ko kalma ɗaya daga wannan. Bakinsa kamar ƙofar kasuwa yake. In za ku sayi kankanarsa ma, ku sa ya yanka a gabanku.

Allah ya ja zamaninka. Ni ne Buba, Fagam.

* * *

Ashiru!

Salamu alaikum, a gurguje. Tarko ya kama! Ya wanke hannu, Ashiru! Buban da ya taɓa bi na da sandar kiwo ya wanke hannu kafin ya taɓa takardata! "Allah ya ja zamaninka"! Na karanta a bayan baro na yi ta dariya har wata tsohuwa ta ce a tofa mini addu'a. Kuma ka ji, wai a sa ni in yanka kankana a gaban mutane. Ni da ban taɓa sayar da ɗanya ba sai ga wanda bai yi sallama ba.

Amma ka ga tambayoyin nan nasa? Sun tsaya mini. Na zauna zan amsa, na ga Babban Likita bai san komai ba sai fus, fus. Sai na zaɓi jar kankana na yanka na shiga wurin Malama Hapsatu. Na ce wani bawan Allah ne daga ƙauye ya aiko ni da tambayoyi. Ta ce, "Kai Saifullahi, yau kuma ɗan aike ka zama? Zauna." Ta amsa mini ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina maimaitawa a zuci kamar ana biya mini hadda.

Ana cikin haka na ce, "Ai ya ce tun da doka ce zai zo." Ta ajiye kankanar. Ta ce, "Wa ya ce masa doka ce?" Na ce, "Oho, mutanen gari." Ta ce, "In na kama mai yaɗa wannan magana, ni da shi ne. Babu dole ko kaɗan. Wanda aka tsorata ya zo, ko ya dangwala hannu goma ba ma karɓa." Na ce, "To an kuma ce masa in an fesa shi ke nan har tsufa." Ta dafe kai ta ce, "Da mun san haka me muke gwadawa? Kai, wane maƙaryaci ne wannan?" Na ce, "Wallahi Malama, mutane ba su da tsoron Allah."

Ka ga yanzu dole Alhaji Dakta Sabo ya lashe amansa. In Buba ya zo yana maganar jiniya, za su mayar da shi, ni kuma barona ya bar ƙofar asibiti.

Wani abin dariya, ashe shugabar aikin mace ce, Dakta Hawwa, 'yar siririya mai tabarau, takan sayi kankanata. Ni kuwa na riga na ba Dakta Sabo gemu da tumbi a raina.

Ga ta biyu nan, a kai ta yau. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Naka, Saifullahi.

* * *

Daga Babban Likita, Alhaji Dakta Sabo, zuwa ga Malam Buba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, amsarka ta iso, mun kuma yaba da ladabinka. Ka riƙe shi, zai yi maka amfani.

Na farko, maganar doka da jiniya babu ita. Magatakardana ne ya zaƙe, na sa shi kama kunne a tsakar ofis. Babu mai tilasta maka. In ka ce a'a, za a ci gaba da duba yaron a asibiti kamar kowa, babu mai harararka. In ka ce e, ka wayi gari ka sake shawara, sai ka janye, ba a tambayarka dalili. Ka gaya wa tsohuwa ta kwantar da hankalinta.

Na biyu, maganar har tsufa ita ma zaƙewar magatakarda ce. Gaskiyar ita ce ba a riga an sani ba. Gwaji ne. An fara da manya, aka gangaro ga yara kaɗan, sannan aka kai ga masu yawa, a garuruwa daban-daban, ba naku ne na farko ba. Abin da aka fi gani bayan fesawa shi ne yoyon hanci, ko ɗan zazzaɓi ya wuce. Amma babu mai rantse maka cewa ba abin da zai faru, shi ya sa ake bin kowane yaro sau da ƙafa. In ya yi tari ko zazzaɓi a kawo shi, a duba shi, a ɗan shafi cikin hancinsa da auduga a ga wace cuta ce.

Na uku, ka buɗe kunne, nan ne abin mamaki. Ba duk yaran ake fesa wa maganin ba. Waɗansu ruwan gishiri ne kawai, kwalaben kuwa iri ɗaya. Mai fesawa ba ta san wanne ta ɗauka ba, uwa ba ta sani ba, ni kaina Babban Likita ban sani ba. Kamar ka raba gona biyu ne, ka sa wa ɓangare taki ka bar ɓangare, da kaka ka ga wanne ya fi. In damina ta wuce sai a duba a ga su wa ƙirji ya fi kamawa. Saboda haka yana yiwuwa ɗanka ya tashi da ruwan gishiri. In maganin ya tabbata, na bayansa za su samu, har da ƙannensa da ba ka yi hanzarin samarwa ba.

Sau biyu ake fesawa, da tazarar kamar wata biyu. Ranar Litinin ake karɓar sababbi, kuma gurbin ya kusa cika.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Ya fara zama tuntuni, daram kamar tulu. Yana rarrafe, sai dai da baya yake yi, in ya nufi ƙofa sai ka tsince shi ƙarƙashin gado yana masifa. Haƙora biyu a ƙasa, ya kuma san amfaninsu. Cinya kamar ta ɗan maraƙi. Kunnuwa kuwa, ka yi haƙuri, naka ne, iska na kaɗa su. In ya ji kukan saniya a hanya sai ya bar nono ya juya.

Game da mai kankana, mun bincika. Yaron kirki ne, kankanarsa ta fi ta kowa a jihar nan.

Wassalam. Dakta Sabo.

* * *

Zuwa ga Babban Likita. Allah ya saka da alheri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na karanta takardarka a gindin tsamiya inda babu kowa. Wurin rarrafen nan na karanta ya fi a ƙirga. Ban san mutum na iya dariya shi kaɗai a daji ba.

Da ka ce ba ku sani ba, sai na fi yarda da kai. Mai cewa ya san komai shi nake tsoro.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Bara da damina 'yar yayana, Juwairiyya, tana wata huɗu, ta fara da mura. Kwana biyu sai ƙirjinta ya riƙa shiga yana fita. Uban ba ya nan, ni na ɗauki uwar da ita a babur za mu Gwaram. Rafi ya kawo, muka tsaya a bakinsa muna jira ya janye. Ina jin numfashinta a bayana, siririn sauti kamar ana busa kara. Kafin ruwan ya janye sai na daina ji. Ban sani ba ko cutar da kuke faɗa ce. Lokacin mai ɗakina na da tsohon ciki, ita ta karɓi goyon da muka komo. Ba mu taɓa yin maganar ba ni da ita. Amma na san abin da ya sa ta je wurinku.

Tun da aka haife shi, in na ji yaron wani ya yi tari sai in bar wurin. Na taɓa zuwa Birnin Kudu da sunan sayen gishirin shanu. Na tsaya a bakin lungunsu na hango shi a wuyan mai kankanar nan, yana ja masa hula. Na sayi gishirin na dawo. Na ce maka bakinsa ƙofar kasuwa ne, haka ne, amma shi ke yawo da shi, shi ke sa shi dariya. In da hali ka sa masa albarka, kada ya san daga ina ta fito.

Na yi istihara. Zan zo ranar Litinin, ko ruwa ya sauka, shuka ta jira. Ba don doka ba. In ruwan gishiri ne rabonsa, Allah ya sa na bayansa su amfana.

Alfarma ɗaya nake nema. In an zo tambaya, ka fitar da surukata da kowa daga ɗakin, ya zama daga ni sai kai. A gabanka zan iya faɗar sunan.

Zan taho maka da man shanu. Allah ya bar zumunci.

Buba.

* * *

Saifullahi,

Salamu alaikum. Ga amsarsa. Wannan karon da ƙaro ya liƙe ta, ban iya buɗewa ba, kada ka ce na yi hali.

Ka jawo mana. Da kansa ya kawo ta, ya zauna a bencina yana ba mutanen tasha labarin amininsa Babban Likita. Ya shiga kasuwa ya sayi hula zanna zai kai masa, har yana tambayata girman kan Likita, tun da ni ne wakili. Na ce matsakaici ne. Mai shayi ya ce in haɗa shi da Likitan saboda ƙafarsa, yanzu mutum uku ke jira.

Ruwa ya sauka jiya, kowa ya fita shuka, shi ya ce Litinin yana nan tafe. Ta nan zai hau mota. In ya isa asibiti ya ce a kai shi wurin Dakta Sabo, me za ka ce? Ni dai ranar zan rufe shago in tafi ta'aziyya, ko ba a yi mutuwa ba.

Ashiru.

* * *

Zuwa ga Yaya Buba.

Assalamu alaikum. Na ce wa Ashiru kada ya gudu, ya miƙa maka wannan hannu da hannu kafin ka hau mota. Don haka yanzu kana tashar Gwaram da ƙwaryar man shanu. Ka zauna tukuna.

Babu Alhaji Dakta Sabo. Ni ne, Saifullahi. Ni ne Likitan, ni ne magatakardan, hatimin ma murfin kwalba ne.

Da wasa na fara, don na san in da sunana ne ba za ka karanta ba. Takardarka ta farko na yi mata dariya har da Ashiru, na amsa laifina. Ta biyu ban yi dariya ba. Babu wanda ya gan ta, ko Yaya, kuma babu mai gani. Ƙofar kasuwa ma akan rufe ta.

Abin da na rubuta maka a ta biyu kan rigakafin, duk daga bakin nas ɗin na ɗauko, Malama Hapsatu. Jiya na je na gaya mata abin da na yi. Ta wanke ni tas, har masu jiran layi suna leƙowa. Ta ce kada ka dogara da bayanin mai kankana, in ka zo za ta sake yi maka daga farko da bakinta, ka yi duk tambayar da kake so, in bai kwanta maka ba ka tashi ka tafi abinka. Ta kuma ce za ta fitar da kowa daga ɗakin, ba sai na roƙa ba.

Ina iya yin shiru ka zo, in ce Likita ya yi tafiya. Sai na ga ba a ɗora ɗan mutum a kan ƙarya.

Mota biyu ke gabanka, ta Fagam da ta Birnin Kudu. In ka hau ta Fagam saboda kunyar abin da na karanta, to ni na ja wa yaron, kuma ban san da wane ido zan kalli Yaya ba. Ta wanke masa riga tun shekaranjiya, tana cewa wai datti ta gani.

Ka zo ka doke ni, Yaya Buba, na cancanta. Ina tashar Birnin Kudu da yaron tun da hantsi, bayan rumfar masu gyaran taya, inda babu wanda ya san mu. Ba zan miƙa maka shi ba. Zan zaunar da shi a kan benci in tafi neman ruwan sha. Na kuwa ji an ce yau ruwa na wahala a tasha, zan daɗe.

Ƙaninka, Saifullahi mai kankana.